Likitan Alƙahira ya ce duk 'yan ɗakinmu sai an gwada mu

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya san wannan abu ya yi mani bayani, kaina ya ƙulle. Babban yayanmu ne, shekararshi 44, yau shekara uku ke nan yana fama da numfashi. Bai taɓa sa sigari a bakinshi ba, ko zama kusa da mai sha bai yi. Da fari aka ce tarin fuka ne, ya sha maganin wata shida bai tsallake ko kwana guda ba, alhali gwajin majina bai nuna komi ba. Aka dawo aka ce asma ce, aka ba shi abin shaƙa. Yanzu daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa falwaya yana maida numfashi. Ɗakinshi na bene ya baro shi ya dawo falon ƙasa da kwana.

Bayan ƙaramar salla muka yi karo-karo aka kai shi Alƙahira. Likita ya sa shi ya hura iska cikin wata na'ura, aka yi mashi hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Sai ya ce akwai wani sinadari a jini mai suna alfa-1 antitiripsin, na Yaya ya yi ƙasa ƙwarai, wai gado ne, kuma yana iya taɓa hanta. Sun sake ɗibar jini don su gano nau'in, ba a fito da wannan ba tukuna. Ya ce 'yan uwa da ɗiyan Yaya duk a gwada. Mu bakwai ne ciki ɗaya.

Tambayata biyu. Ina ake wannan gwaji nan Katsina? Ta biyun ita ce ke hana ni barci. An sa ranar ɗan farina da ɗiyar Yayan, bayan babbar salla. Mun yi masu jinotayif, dukansu AA ne. To wannan kuma fa?

Anti Mai Waina:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ni dai yau na fara jin sunan.

Baffan Yara:
Ɗiyata, ki yi hankali da likitocin waje. Na raka mutane Masar, na raka Indiya. Da sun ga ka zo daga Najeriya da dala a aljihu sai su nemo maka suna mai tsawo. Mutum guda ya je, yanzu an ce mutum bakwai da ɗiyansu su zo su biya kuɗin gwaji, ke ba ki ga lissafin ba? Mu da muka tashi cikin hazo da hayaƙin kara, wa ya taɓa jin alfa kaza? Sanyi ne ya kama mashi ƙirji. A nemi zuma mai kyau da habbatus sauda, a bar yara su yi aurensu.

Ɗan Lab, Ƙofar Ƙaura:
Baffa, Allah ya ƙara girma, ciwon gaskiya ne, mun karance shi a makaranta. Sai dai na yarda da ku a abu guda, shekarata tara ina aikin gwajin jini, ba a taɓa miƙo mani takarda an rubuta shi ba. Anti Maman Ikram, akwai lamba a jikin takardar da aka ba Yaya? Ku duba inda aka rubuta AAT ko A1AT.

Maman Ikram:
Matarshi ta turo mani hoton. An rubuta 0.3, gaba da shi g/L.

Dokta Na-Turai:
Salamu alaikum. Ɗan Rafin Daɗi ne ni, ina aikin ciwon ƙirji a Ingila, kuma wannan ciwon muna ganin sa a nan. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Wannan alfa-1 furotin ne da hanta ke ƙerawa ta zuba cikin jini. Aikinsa a huhu yake. Duk lokacin da ƙura ko hayaƙi ko ƙwayar cuta ta shiga ƙirji, fararen ƙwayoyin jini kan fito da wani sinadari mai narkar da abu, ana ce masa ilastes, don su kashe baƙon. To shi ilastes bai san nasa ba, in aka bar shi har naman huhun zai ci. Alfa-1 shi ne mai riƙe masa linzami. Wanda nasa ya yi ƙasa, 'yan ƙananan buhunan iska na huhu sai su riƙa yagewa a hankali suna haɗewa, iska ta shiga ta kasa fita. Shi ya sa za ku ga mutum ƙirjinsa cike da iska amma yana haki. Ana kiran wannan emfisima. Ga mashaya sigari na yau da kullum sai sun haura hamsin ko sittin take bayyana, ga mai ƙarancin alfa-1 tun yana talatin da wani abu ko arba'in.

Hanta kuma ta wata ƙofa abin ke taɓa ta. A wasu nau'o'in, furotin ɗin ana ƙera shi, amma a karkace, sai ya maƙale cikin hantar ya dunƙule, ya kasa fita. Huhu na kukan rashi, hanta na kukan cunkoso. Wasu likitoci biyu na Suwidin, Laurell da Eriksson, su suka gano ciwon a 1963 a birnin Malmo, a 1969 kuma aka gano alaƙarsa da hanta a jikin yara a Amurka.

Lafiyayyen mutum yana da kamar 0.9 zuwa 2. Ƙasa da 0.5 ko kusa da haka muke cewa huhu ba shi da isasshiyar kariya. Saboda haka 0.3 ba lambar da za a kawar da kai ba ce. Likitan bai yi kuskure ba da ya ce a gwada dangi.

Baffan Yara:
To ka ji. Suwidin, Amurka, Ingila. Da bakinka ka faɗa, Dokta. Ciwon Turawa ne, mi ya kawo shi Ƙofar Sauri?

Dokta Na-Turai:
Ranku ya daɗe, rabin gaskiya na hannunku. Ya fi yawa a jinin mutanen arewacin Turai, inda ake samun kamar mutum guda cikin dubu biyu zuwa dubu biyar da mai tsananin. A baƙar fata ba kasafai ba ne. In mutum ɗari suka zo mani daga Katsina da haki, tunanina na farko tarin fuka ne, da tabon da yake bari bayan an warke, da asma, da hayaƙin icce, da ciwon zuciya. Wannan can ƙarshen layi yake. Amma shi Yayan an riga an bi layin an zo ƙarshe. Bai sha taba ba, majina ba ta nuna komai ba, shekara 44, ga kuma lamba a takarda. Kuma ku tuna, abin da ba a gwadawa ba a ganin sa. Tun 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar duk mai toshewar numfashi mai daɗewa a yi masa wannan gwaji sau ɗaya a rayuwa. Mu wa muke yi wa?

Anti, wata tambaya. Mahaifanku 'yan uwa ne?

Maman Ikram:
E, Dokta. Auren zumunci ne, ɗan wa da ɗiyar ƙane. Ni ma maigidana ɗan baffana ne. Haka gidanmu yake tun kakanni.

Dokta Na-Turai:
To nan ne bakin zaren. Abin da ba shi da yawa a gari yana iya taruwa a gida ɗaya in jini na komawa cikin jini.

Ɗan Yammawa:
Wato dai wani sikila ne aka sake mashi suna.

Ɗan Lab, Ƙofar Ƙaura:
A'a, kada mu haɗa su. Gwajin AA da AS na jajayen ƙwayoyin jini ne, bai ga wannan ko kaɗan. Mutum na iya zama AA garau kuma yana ɗauke da wannan. Inda suka yi kama shi ne lissafin gado. Kowa na karɓar ƙwayar gado biyu, guda daga uwa guda daga uba. Lafiyayyar ana ce mata M, masu matsalar da aka fi sani su ne S da Z. MM lafiya lau. MZ mai ɗauke ne, kamar AS. ZZ shi ne mai tsanani, nashi alfa-1 bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ya kamata. Ku lura, S ɗin nan ba S ɗin sikila ba ce, harafi ne kawai ya zo ɗaya.

In Yaya na da guda biyu marasa kyau, to Baba da Inna kowane ya ba shi guda. Kowane ɗaya cikin ku shidan da suka rage, kaso ɗaya cikin huɗu ya zama kamar shi, biyu cikin huɗu mai ɗauke, ɗaya cikin huɗu bai ɗauko komi ba. Ɗiyan Yaya kuwa babu ƙuri'a, kowane ya ɗauki guda daga wurinshi, har da amaryar.

Maman Ikram:
Innalillahi. Wato ita ɗiyar tabbas tana da shi?

Dokta Na-Turai:
Tana ɗauke da guda, in har gwaji na biyu ya tabbatar da na mahaifinta. Ɗauke da guda ba ciwo ba ne. Mafi yawan masu MZ har su tsufa ba su san suna da shi ba, muddin ba su sha taba ba. Kada ki kalle ta da idon majinyaciya.

Sista, Daura:
Ni fa bari in shigo ta inda na fi sani. Maman Ikram, kafin ku kashe kuɗi a nemo alfa, ku bakwai ɗin nan an taɓa gwada ku ciwon hanta nau'in B? Shi ne ke kwantar mana da mutane kullum a nan, magidanci ɗan shekara talatin da biyar ya zo ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa, a tambaya a ji wansa ma haka ya tafi. Shi ma a gida yake zagayawa, daga uwa zuwa jariri, ko tsakanin yara da aska da reza, har mutane su ce gado ne. Gwajinsa digon jini ne a yatsa, minti kaɗan, ko'ina ana yi. In har hantar gidanku tana da rauni ta gado, to ƙarin nau'in B a kai shi ne abin tsoro. Wanda ba shi da shi a yi masa allurar rigakafi, guda uku ne. Jarirai kuma a yi masu ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an jira suna ba.

Dokta Na-Turai:
Sista ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi. Na sa hannu.

Mai Sirrin Itatuwa:
Duk mai ciwon hanta ko huhu ko na gado ko na sammu, muna da haɗi na musamman, kwana bakwai ya wanke shi tas da izinin Allah. A tuntuɓe ni ta akwati.

Admin:
Malam, na goge lambar da ka liƙa. Wannan ne na biyu. Na uku fita ne.

Sista, Daura:
Gara da kika goge. Irin jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ke ƙarasa hantar da ke tangal-tangal.

Ummu Hanif:
Ni abin da ya tsaya mani a rai maganar yara da Dokta ya yi. Shekara huɗu da suka wuce na haifi namiji, kwana uku ido ya yi ɗorawa. Tsofaffi suka ce shawara ce, a riƙa fito da shi hantsi. Aka yi suna, aka yi sati uku, abin bai tafi ba. Abin da na lura da shi, kuma na kasa faɗa wa kowa don ban ɗauke shi komi ba, kashin shi fari ne fat kamar an dama alli, fitsarin kuma yana ɓata zane kamar ruwan shayi. Sai da ya kusa wata uku muka je asibiti, wani ma'aikaci ya dube shi a tsaye ya ce mu ba shi ruwan gulukos. Da muka isa wurin likitan yara daga baya ya ce mun makara. Bai kai shekara ba. Har yau ina tambayar kaina ko irin wannan ne.

Anti Mai Waina:
Allah ya jiƙan shi, ya sa mai ceto ne. Kin sa ni hawaye.

Dokta Na-Turai:
Allah ya ba ki haƙuri, Ummu Hanif, ya sa ya cece ku. Alamun da kika faɗa na toshewar ruwan ɗaci ne a hanta. Ƙarancin alfa-1 na kawo haka ga kamar jariri ɗaya cikin goma masu ZZ, amma abin da aka fi samu shi ne a haifi yaro da hanyar matsarmama a toshe, kuma wannan aikin tiyata ne da ya fi yin nasara kafin yaro ya cika wata biyu. Ba laifinki ba ne, ba wanda ya taɓa ce maki launin kashi magana ne. Iyaye mata da ke nan, ku riƙe wannan. Shawarar da ta wuce mako biyu, ko kashi fari, ko fitsari mai duhu a jariri, hantsi ba ya maganin ta. A kai shi wurin likitan yara a ce a auna shawarar iri biyu, wadda ta bi ta hanta da wadda ba ta bi ba. Maman Ikram, ki tambayi Inna in tana raye, cikin haihuwarta ko ta ɗiyanta an taɓa rasa jariri da irin wannan.

Maman Ikram:
Tana nan da ranta. Ta haifi goma, uku sun koma suna ƙanana. Zan tambaye ta, sai dai sai na lallaɓa.

Hajiyar Saulawa:
Ni kam ina da ja. Kun san garin nan. Yau aka ji an ɗebi jinin gida guda an kai Kano ko Legas, gobe a gidan biki za ki ji ana raɗa, gidan su wance ciwon gado gare su. Su bakwai, kowane da 'yan mata. Wa zai zo neman aure? Wanda ya san bambancin M da Z mutum nawa ne? Za a ce kawai huhunsu ke ruɓewa. Ciwon da ma an ce ba a warkewa, mi sanin zai ƙara maki in ban da tashin hankali? Wani sanin rashin shi ya fi.

Ɗan Lab, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, haka aka riƙa cewa a kan sikila shekara ashirin da suka wuce. Yanzu waliyyi da kanshi ke tambayar takardar gwaji kafin ya karɓi sadaki. Kano ma a 2024 doka suka yi a kan gwajin kafin aure.

Hajiyar Saulawa:
Kai yaro ne, ba ka aurar da ɗiya ba. Sikila kowa ya ga yaro na kuka da ƙafa, an yarda. Wannan fa? Ka hana aure a kan abin da wataƙila sai mutum ya shekara arba'in, wataƙila ma bai zo ba sam.

Dokta Na-Turai:
Hajiya, ba zan raina maganarki ba, don ba ke kaɗai kika taɓa yin ta ba. A Suwidin daga 1972 zuwa 1974 sun gwada jarirai dubu ɗari biyu, suka samu ɗari da 'yan kai masu tsananin, sai suka dakatar da shirin, kuma cikin dalilan har da damuwar da iyaye suka shiga. Amma sun ci gaba da bin yaran har suka girma. Da yake an gaya masu tun da wuri, kaɗan ne cikinsu suka kama shan taba idan aka kwatanta da sa'o'insu, kuma waɗanda ba su sha ba mafi yawa sun kai shekara talatin da huhu lafiya. Wannan shi ne amfanin sanin. Saurayi mai ZZ da ya kama sigari ko shisha yana da sha takwas, da wanda aka ce masa kai wuta da auduga ne kai da hayaƙi, ba ƙarshe ɗaya za su yi ba. Haka zaɓen sana'a. Irin wannan yaro ba za ka kai shi gidan burodi mai icce ko injin niƙa ko fasa dutse ba.

Batun tonon asiri kuma, sakamako na mai shi ne. Babu dalilin da zai sa a yi gayya a tafi a mota guda. Kowa ya je da ƙafarsa, wanda bai so kuma ba a tilasta masa.

Kuma ni ban ce a fasa aure ba. Ko da yaron ya fito mai ɗauke, lissafin ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, kuma ZZ ba kamar SS ba ne, da yawa suna rayuwa mai tsawo. Abin da nake so shi ne su biyun su sani kafin a shafa fatiha, su yanke da kansu.

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Ni ba likita ba ne, amma tunda an taɓo aure. Auren ɗan uwa halal ne, ba mai haramta shi. Neman sanin lafiya kafin aure kuma bai saɓa wa tawakkali ba, wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Abin da zan ja kunne a kai biyu ne. Kada a ɓoye wa yaran, aurensu ne. Kuma duk wanda ya ji sakamakon wani ya kai shi bakin rijiya, amana ya ci.

Baffan Yara:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma in an gwada an samu, maganin fa? Ko dai a gwada a dawo gida a zauna?

Dokta Na-Turai:
Tambaya mai kyau, Baffa. Akwai ƙarin furotin ɗin da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, ana sa wa mutum ta jijiya duk mako har ƙarshen rayuwa. Amurka ta amince da shi tun 1987. Yana rage saurin lalacewar huhu, ba ya dawo da abin da ya tafi, ba ya yi wa hanta komai, kuma tsadarsa ta sa ko nan Ingila asibitin gwamnati ba ya bayar da shi haka kawai. Ba zan sa wa Anti rai da shi ba. Abin da ke hannu shi ne magungunan shaƙa masu buɗe hanyar iska, da koya masa atisayen numfashi da tafiya daidai ƙarfinsa, da allurar rigakafin mura da ta nimoniya, da saurin shan magani in majina ta canza launi. Lokacin hazo ya sa takunkumi, ya rage fita da sassafe. Janareto a nisanta shi da taga. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su bar ɗakinsa. Hanta kuma a riƙa duba ta da gwajin jini da hoto lokaci-lokaci, a kiyayi ƙiba. Wanda tasa ta gaza gaba ɗaya dashe ne, kuma sabuwar hantar lafiyayyen furotin take ƙerawa.

Anti Mai Waina:
Turaren wuta kuma? Dokta, wannan ai yaƙi ka haɗa da matar gida.

Ɗan Lab, Ƙofar Ƙaura:
Anti Maman Ikram, ga yadda zan ba ku shawara ku bi. Ku fara zuwa wurin likitan manya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da takardun Yaya, shi zai rubuta maku gwajin, in ta kama ya tura ku Malam Aminu Kano ko Shika. Manyan dakunan gwaji masu zaman kansu kuma suna ɗibar jini su aika Legas ko waje. Abu biyu ku kiyaye. Kada a ɗebi jinin mai zazzaɓi ko mai wani kumburi a jiki, da mai ciki, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ba tare da an gaya wa likita ba, don waɗannan na ɗaga lambar, mai ɗauke sai ya fito kamar lafiyayye. Shi ya sa auna yawa kaɗai bai isa a gane mai ɗauke ba, sai an haɗa da gwajin nau'i. Kuma ku jira na Yaya ya fito tukuna, in an san abin da ake nema an fi saurin samun shi.

Dokta Na-Turai:
Ƙari a kan wannan. Gwajin nau'i na yau da kullum S da Z kawai yake nema, don su suka fi yawa a Turai. Amma nau'o'in sun haura ɗari, akwai irin su M-Malton da ake samu a Tunisiya da tsibirin Sadiniya, akwai waɗanda jiki ba ya ƙera furotin ɗin ko ɗigo. In takarda ta dawo ta ce ba S ba Z alhali lamba na 0.3, kada a ce an tsira. A ce su karanta ƙwayar gadon gaba ɗayanta, sunanta SERPINA1. Ga mutanenmu wannan ya fi yiwuwa.

Ɗan Yammawa:
Dokta, tsakani da Allah, ita shisha ai ruwa ke tace ta.

Dokta Na-Turai:
Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi don ka ji daɗin zuƙa da yawa. Ga gawayin da ke kai kuma.

Maman Ikram:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha biyu, ku yafe ni. Abubuwa sun faru.

Na farko, ƙanwata ba ta jira ba, ta tafi wani ɗakin gwaji a cikin gari ta ce alfa take so. Suka karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta zo da murna wai nata lafiya lau. Da na tura wa Ɗan Lab hoton sai ya ce AFP aka yi mata.

Ɗan Lab, Ƙofar Ƙaura:
E, alfa-fetofurotin ne, wanda ake nema in ana zargin dajin hanta. Sunan farko kawai suka haɗa. Don Allah a riƙa zuwa da rubutun likita.

Maman Ikram:
Na biyu, mun bi maganar Sista. Mu biyar muka yi gwajin nau'in B, guda ya fito da shi, ban faɗi ko wane ne ba. An tura shi ƙarin gwaji, sauran mun karɓi allurar farko. Autanmu ya ce shi ba mai tsira mashi allura, lafiyarshi ƙalau, kuma shi ne mai shagon walda.

Na uku, na Alƙahira ya fito jiya. Dokta, kamar kana wurin. Ba S ba Z. Likitan ya ce za su aika a karanta ta duka, sai a ƙara wasu makonni.

Inna na tambaye ta ina yi mata tsifa. Ta daɗe ba ta ce komi ba, sannan ta ce na biyunta, wanda ke bin Yaya, da ido ɗorawa ya koma yana wata biyar. Ba ta tuna launin kashi ba.

Yaron kuma na zaunar da shi na gaya mashi duka. Ya ce a ɗebi jininshi ko yau, amma shi ba abin da zai sa ya fasa. Da na matsa sai ya sunkuyar da kai ya ce yana taɓa shisha wurin abokai. Ban gaya wa babanshi ba tukuna.

Hajiyar Saulawa:
To ita yarinyar fa, an gaya mata?

Maman Ikram:
Uwarta ta ce a bari sai sakamakon ya zo. Ni na ce a'a. Yau da la'asar zan je gidan, Yaya ya ce a yi maganar gabanshi.

Baffan Yara:
Ki biyo ki karɓar mashi zuma, ta Daura ce, ba haɗi. Dokta, ita dai ba ka hana ba ko?

Dokta Na-Turai:
Ban hana ba, Baffa. A dai bar turaren a waje.